Karen gadi a rijiyar ƙauyenmu: kundin aiki

Asabar, 24 ga Fabrairu 2024

Jiya da la'asar Baba mai kula da rijiya ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗana, akwatin naka ya sake yin shiru. Tanki ya cika yana ta ambaliya, sai da na je na zare wayar da hannuna." Karo na uku ke nan tun shigowar sanyi.

Akwatin da yake nufi wata ƙaramar kwamfuta ce, Raspberry Pi 3, da na ɗaura a ɗakin batir na rijiyar burtsatse mai aiki da sola. Aikinta uku: ta auna tsayin ruwa a tanki, ta kunna sumo ko ta kashe shi, ta turo min rahoto ta modem duk minti goma. Idan ta sandare, ƙafar da ke riƙe da sumo, wato ɗan tsinken jikin Pi da ke ba shi umarnin kunnawa ko kashewa, tana zama a halin da aka bar ta. In a kunne yake, haka zai yi ta ja har ruwa ya zube ko rijiya ta ja baya ya ƙone. Daga nan zuwa can tafiyar awa biyu da rabi ce, kuma bai dace a ce dattijo ne zai riƙa tashi cikin rana don zare waya ba.

Maganin da na sa gaba shi ne watchdog, abin da zan riƙa kira karen gadi. Wani ɗan agogo ne a cikin guntun na'urar, yana ƙirge a baibai. Muddin manhaja na zuwa tana mayar da shi farko kafin ya kai sifili, ba ya cewa komai. Ranar da aka daina zuwa, sai ya tada na'urar daga tushe ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Na sayo Pi ta biyu iri ɗaya, da ita zan yi duk gwaji a gida kafin in taɓa ta ƙauye.

Talata, 27 ga Fabrairu

Kanel, wato zuciyar manhajar Linux da ke tafiyar da na'urar, wanda nake kai 5.10 ne na reshen Raspberry Pi, ni na gina shi da kaina tun bara saboda modem. Na buɗe saitinsa na tabbatar `CONFIG_WATCHDOG` da `CONFIG_WATCHDOG_CORE` da `CONFIG_BCM2835_WDT` duk a kunne suke, na ƙara `CONFIG_WATCHDOG_SYSFS` don in riƙa leƙa halin karen ba tare da na tashe shi ba. Wannan na ƙarshen yana da amfani ƙwarai, domin buɗe `/dev/watchdog` kaɗai ya isa ya fara ƙirge. A `/sys/class/watchdog/watchdog0/` kuwa karatu kawai ake yi. Fayil ɗin `identity` ya ce Broadcom BCM2835 Watchdog timer, `timeout` ya ce 15, `state` ya ce inactive.

Na zauna na karanta direban, wato ɓangaren kanel da ke magana da karen, `bcm2835_wdt.c`, gajere ne. Wani abu da ban sani ba sai yau: ashe duk lokacin da aka ce wa Pi ta sake tashi, wannan karen ake amfani da shi. Direban yana ba shi ɗan wa'adi ƙanƙani ya bar shi ya ƙare. Ke nan kullum ina amfana da shi ban taɓa ɗora shi a bakin ƙofa ba.

Akwai `softdog` ma, wanda Alan Cox ya rubuta tun shekarun 1990, amma shi agogonsa a cikin kanel yake. Kanel ya mutu, shi ma ya mutu. Ban ga dalilin dogara da shi ba alhali akwai na ƙarfe a hannu.

Asabar, 2 ga Maris

Yau na sha wuya, kuma na ƙaru.

systemd, manhajar da ke tada sauran shirye-shirye tana kuma kula da su, shi zai riƙa taɓa karen. Na buɗe `/etc/systemd/system.conf` na rubuta `RuntimeWatchdogSec=60`, a tunanina minti ɗaya wa'adi ne mai kyau, bai yi tsawo ba bai yi gajarta ba. Na sake kunnawa. Pi ta tashi, ta kai inda ake shiga, kafin in gama buga kalmar sirri ta faɗi. Ta sake tashi, ta sake faɗuwa. Haka ta yi ta yi sai da na zare katin ajiyarta na saka a laftof na goge layin.

A kundin bayanai na tarar da layin gargaɗi guda ɗaya daga systemd, wai ya kasa sa wa'adi zuwa daƙiƙa 60. Ga yadda abin yake. Rajistar da ke riƙe da ƙirgen tana da gurbi (bit) 20 ne kacal, wato ba ta wuce 1,048,575, agogon kuma yana bugawa sau 65,536 a daƙiƙa. In ka raba, iyakar abin da za ta ɗauka bai cika daƙiƙa 16 ba, shi ya sa direban ya tsaya a 15. Da systemd ya nemi 60 ta `WDIOC_SETTIMEOUT`, kanel ya ƙi. Amma ƙofa, wato `/dev/watchdog`, ta riga ta buɗu, kare ya riga ya tashi da wa'adinsa na 15, shi kuwa systemd yana can yana lissafin zuwa a rabin 60. Kafin ya zo an gama.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, da a ƙauye na yi wannan ta intanet, da ba ni da hanyar komawa ciki. Daga yau duk saitin da ya shafi karen gadi sai ya kwana biyu a Pi ta gida.

Na mayar da shi `RuntimeWatchdogSec=14`, ta zauna lafiya.

Lahadi, 3 ga Maris

Daƙiƙa 14 bai kwanta min ba. Katin ajiya yakan yi jinkiri wani lokaci, ba na son ɗan tsaikon rubutu ya zama dalilin tada na'ura. Na bi fayil ɗin `watchdog_dev.c` na ga an daɗe da tanadin irin wannan matsala. Direba na iya bayyana `max_hw_heartbeat_ms`, wato iyakar abin da ƙarfen zai iya. Daga nan kanel, ta wani zarensa mai suna `watchdogd`, zai riƙa taɓa ƙarfen a madadin manhaja har wa'adin da manhajar ta nema ya cika. Idan ya cika ba ta leƙo ba, sai ya janye hannu. Sababbin kanel sun riga sun sa wa direban Pi wannan gyara, nawa ne tsoho. Na ɗauko shi na ɗora, ɗan ƙaramin gyara ne, a cire `max_timeout` a sa `max_hw_heartbeat_ms`. Na gina, na gwada 60, ya karɓa.

Tsarin ya ba ni abu biyu a lokaci guda. In kanel ne ya daskare gaba ɗaya, cikin daƙiƙa 15 za a tashi. In manhaja ce ta maƙale, tana da minti ɗaya.

Asabar, 9 ga Maris

Ranar kisa da gangan. Karen da ba a taɓa ganin cizonsa ba, ba a san ko yana da haƙori ba.

Gwajin farko, `echo c > /proc/sysrq-trigger`, wanda ke sa kanel ya faɗi nan take. Pi ta dawo bayan ɗan lokaci, na yi murna. Sai na tuna tun bara na sa `panic=10` a `cmdline.txt`. Wato kanel ne ya tada kansa bayan daƙiƙa goma, karen bai ce uffan ba. Na cire, na tabbatar `/proc/sys/kernel/panic` ya koma 0, na maimaita da agogon waya a hannu. Allo ya tsaya cak, ya kai wajen daƙiƙa goma sha, sannan fitila ta ƙifta ta tashi. Wannan karon shi ne. Duk wanda zai yi wannan gwaji ya duba wannan lamba tukuna, in ba haka ba zai tafi da shaidar da ba ta tabbatar da komai ba.

Gwaji na biyu kan harafin V ne. Ka'idar ita ce, manhajar da za ta rufe `/dev/watchdog` da niyya sai ta fara rubuta V babba, sannan kanel ya kwantar da karen. In ta rufe ba V, ana ɗauka mutuwa ta yi, kanel ya rubuta `watchdog did not stop!` ya bar ƙirge ya ci gaba. Na kashe na systemd na gwada duka biyun da hannu, duk sun yi yadda aka ce. Sannan na sa `bcm2835_wdt.nowayout=1`. Da wannan ko V ɗin ba ya aiki, in an tashe shi an tashe shi ke nan. A kwamfutar da ke gabanka takura ce. A akwatin da ke nesa shi nake so.

Na kuma gano mutum ɗaya ne kawai ke iya riƙe ƙofar. Da systemd na riƙe da ita, ɗan shirina ya nemi buɗewa aka ce masa a cike take. Don haka batun haɗa systemd da tsohuwar manhajar `watchdog` mai `/etc/watchdog.conf` a kan kare ɗaya bai taso ba. Na zaɓi systemd.

Gwaji na uku ne ya tsorata ni, kuma ba shi na fito nema ba. Na jona fitila a madadin sumo don in ga abin da ke faruwa lokacin tashi. Kare na cizo, fitila ta kama, ta zauna a kunne har shirina ya hau. Dalili: ƙafar GPIO5 na yi amfani da ita wajen tura taransistan da ke jan rilai, makunnin da ke ba sumo wuta, kuma a Pi ƙafafu 0 zuwa 8 ana jan su sama ne da zarar an tashi, 9 zuwa 27 kuma ƙasa. Da na kai wannan ƙauye a haka, ranar da aka shiga irin faɗi-tashin makon jiya sumo zai yi ta kamawa yana saki ba iyaka. Na koma GPIO17, na ƙara razista mai 10k zuwa ƙasa don kada in dogara da na ciki kawai. Yanzu tashi na nufin sumo a kashe.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi ya kama tun Litinin. Na yi sammako na je ƙauye na sauya kati da wayoyi, na dawo kafin azahar. Na ce wa Baba in ya ga shiru ya ba shi minti biyu kafin ya taɓa komai. Ya ce, "To, Allah ya sa a dace. Ruwan buɗe-baki dai kada ya yanke."

Alhamis, 28 ga Maris

Kwana goma sha ɗaya lafiya, jiya kuma tanki ya sake ambaliya. Baba ya jira minti biyun, ya ƙara goma a kai, sannan ya zare waya. Na ji nauyin abin sosai, ga zafi, ga azumi, ga mata sun yi layi da jarkoki ana kallon ruwa na bin ƙasa.

Da daddare na shiga ta nesa na karanta kundi. Kanel bai faɗi ba. systemd bai faɗi ba, yana ta taɓa karen a kan lokaci har zuwa sa'ar da aka zare wuta. Abin da ya tsaya shirina ne. Ya je tura rahoto, sabis ya ɗauke ana tsakiyar magana, shi kuma ban sa masa iyakar jira ba. Ya zauna yana jiran amsar da ba za ta zo ba, kuma a zagaye ɗaya yake tura rahoto da auna ruwa. Sumo na kunne lokacin, ya ci gaba da zama a kunne.

Karen bai yi laifi ba. Tambayar da na ɗora masa ita ce ko systemd na numfashi, ya kuma amsa ta daidai. Tambayar da mutanen ƙauye ke bukata ita ce ko akwai mai duba tanki a wannan minti. Wata guda na yi ina gyara rajista da direba, ban tsaya na tambayi kaina wa ke ciyar da karen ba, kuma me ya gani kafin ya ciyar.

Abin ya tuna min da kumbon Clementine da Amurka ta harba a 1994. Ya gama ɗaukar taswirar wata, yana shirin wucewa zuwa Geographos, wani dutse da ke yawo a sararin samaniya, sai ranar 7 ga Mayu kwamfutarsa ta rikice, injin juya shi ya yi ta wuta har man ya ƙare, kumbon ya koma yana juyi kusan sau 80 a minti. Tafiyar Geographos ta mutu a nan. Kwamfuta a tsaye, abin da take riƙe da shi kuma a kunne. Nawa tanki ne kawai, amma ciwon iri ɗaya ne.

Asabar, 30 ga Maris

Na sake gina abin hawa-hawa.

Na raba shirin gida biyu. Mai kula da ruwa daban, mai tura rahoto daban, kuma na farkon ba ya taɓa intanet ko kaɗan. Yana ajiye abin da ya auna a fayil, na biyun ya ɗauka ya tura in sabis ya samu.

A fayil ɗin systemd na mai kula da ruwa na sa `Type=notify` da `WatchdogSec=30` da `Restart=on-failure`. Ma'anarsa dole shirin ya riƙa aika `WATCHDOG=1` ta `sd_notify` kafin daƙiƙa 30 su cika, in ya yi shiru systemd ya kashe shi da SIGABRT ya sake tada shi. In aka yi haka sau uku cikin minti goma, `StartLimitIntervalSec=600` da `StartLimitBurst=3` da `StartLimitAction=reboot-force` za su tada na'urar duka. In systemd ɗin ne da kansa ya maƙale, karen ƙarfe na nan. Kowane hawa akwai mai tsaye a kansa.

Wurin da ake aika `WATCHDOG=1` shi ne duk maganar. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe wani zare a gefe yana aikawa duk daƙiƙa goma, kuma na ga mutane da yawa suna yin haka. Wannan komawa gidan jiya ne, domin zaren zai yi ta aikawa ko da ainihin aikin ya mutu. Nawa na sa shi a ƙarshen zagayen aiki, bayan an karanta ma'aunin ruwa, an tabbatar lambar tana cikin hankali, an yanke hukuncin kunnawa ko kashewa, an kuma karanta ƙafar an ga ta bi umarni. In ɗaya ya faɗi ba a aikawa. Na ƙara `ExecStopPost` da ke sauke GPIO17 duk lokacin da shirin ya tsaya, ko ta wace hanya ya tsaya.

Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in haɗa tashin na'ura da ɗaukewar sabis, wato in ba a samu intanet na minti ashirin ba a tada komai. Na ƙi. A can sabis na iya ɗaukewa yini guda, kuma babu abin da ya hana ruwa gudu a lokacin. Na'urar da ke tashi duk minti ashirin tana cin katinta ne a banza, tana kuma katse sumo ba dalili.

Na gwada a gida: na zare wayar ma'auni, na daskarar da shirin da `kill -STOP`, na cika katin da tarkace. Duk ukun fitila ta mutu cikin rabin minti.

Asabar, 6 ga Afrilu

Na kai sabon tsarin. Na kuma tafi da mai gyaran wuta ya jona makunnin tulu, irin mai yawo a saman ruwa, kai tsaye a layin da ke jan kontakta, babban makunnin wutar sumo. In tanki ya cika ya yanke wuta ko Pi ta yarda ko ba ta yarda ba. Da shi ya kamata in fara tun bara.

Asabar, 20 ga Afrilu

An yi Sallah ranar 10 ga wata, ruwa bai yanke ba, bai kuma zube ba. Amma kundi ya nuna na'urar ta tashi sau biyu, kuma ina son sanin dalili.

Na fara duba `bootstatus`, ya ce 0. A wasu na'urori nan ake ganin alamar `WDIOF_CARDRESET` in kare ne ya tada su, amma direban Pi bai bayyana wannan ba, don haka sifilin ba ya nufin komai. Na koma wasu hanyoyi. Shirin yana barin ɗan fayil in an rufe shi cikin tsari, rashinsa na nuna faɗuwa aka yi. Na kunna `ramoops` a `config.txt`, wanda ke keɓe wani yanki na ƙwaƙwalwa ya ajiye maganar kanel ta ƙarshe, a same ta a `/sys/fs/pstore` bayan tashi. Yana tsira daga cizon kare, ba ya tsira daga ɗaukewar wuta, kuma wannan bambancin kansa shaida ne. Na ɗaura agogon DS3231, tunda Pi 3 ba ta da agogon da ke riƙe lokaci in an kashe ta, shi ya sa sa'o'in kundin suke a hargitse bayan kowane tashi.

Tashi biyun dai ina zargin wuta. Duka sun faru ne gab da asuba, lokacin da batir ya fi rauni, kuma a daren jiya `vcgencmd get_throttled` ya nuna ƙarfin wuta ya taɓa sauka ƙasa da ƙa'ida, wato wajen bolt 4.63. Wannan ba aikin kare ba ne, na'urar rage wuta zan sauya da mai kauri.

Sauran matsala biyu. Ta farko modem: wutarsa daban take, don haka ko Pi ta tashi shi bai san an yi ba, in ya maƙale yana nan a maƙale. Zan ba shi rilai nasa, mai tura rahoto ya riƙa yanke masa wuta na daƙiƙa goma in an yi awa ɗaya shiru. Ta biyu ta fi girma: daga lokacin da wuta ta zo zuwa lokacin da systemd ya buɗe `/dev/watchdog`, babu mai gadi. In Pi ta maƙale wajen karanta kati, haka za ta kwana.

Don wannan na yi odar guntun TPL5010, karen gadi na waje da ake saita wa wa'adi da razista, daga milisakan 100 har awa biyu. Shi da wuta ta zo ya fara ƙirge. Kanel na da direban `gpio_wdt` na irin wannan aiki, ana bayyana shi da `linux,wdt-gpio`, a ba shi `hw_algo` da `hw_margin_ms` da `always-running`, sai kanel ya riƙa ciyar da shi kafin manhaja ta iso. A nan ne `watchdog.open_timeout` zai yi amfani, don kada kanel ya yi ta ciyarwa har abada in manhajar ba ta zo ba. Zan sa masa 180. Abin da zan fara aunawa in guntun ya iso shi ne daƙiƙa nawa Pi ke ɗauka daga zuwan wuta zuwa hawan direban, da katin da ya fi kowane jinkiri a cikin waɗanda nake da su, domin wa'adin guntun dole ya zarce wannan da rata mai yawa. Kuma so nake ya yanke wutar Pi gaba ɗaya maimakon ya taɓa ƙafar RUN, mai sake tada guntun Pi, kawai, saboda katin ma ya samu ya farfaɗo. An ce kayan za su iso ranar Laraba.